Kin Ƙarar Mana da Alli

Duk shekara idan kwaleji ta turo ɗalibanta gwajin koyarwa, sai wasu sun biyo ta gidana a nan Haɗejiya, domin an gaya musu akwai wata tsohuwar malama da ta yi ritaya, ba ta da aiki sai surutu da dama fura. Na san ku ma furar ce ta fi jawo ku, to ku zauna. Kai mai farin gilashi, tun daga zaure na ji kana gaya wa 'yan'uwanka wai firamare ba wani aiki ba ne, baƙaƙe ne da ɗaya da biyu, ko cikin barci aka tashe ka za ka koyar. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Ni ma da irin wannan ƙarfin gwiwar na shiga, kuma 'yan aji ɗaya ne suka sauke mini shi tun ba a tashi tara ba.

Aikin farko da aka ba ni ba koyarwa ba ne, shafen allo ne. An tura ni wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye bayan Auyo, inda babur ke kai ka bakin ruwa ya juya, kwalekwale ya ƙarasa da kai. Hedimastanmu Malam Garba, dattijo ne mai maganar ƙasa-ƙasa, ya dubi sabon mayafina da takardar shaidata, ya ce madalla, sannan ya miƙo mini tsofaffin batura a cikin kwano. Ya ce in fasa su, in kwashe baƙin garin da ke ciki, in dama da ruwan ƙaro, in shafe allon aji ɗaya. Na kwana biyu hannuna kamar na mai sayar da gawayi. Da allon ya bushe na yi rubutu a kai, rubutun da nake taƙama da shi tun daga kwaleji, sai ya ce in je can ƙarshen aji in zauna a ƙasa, inda mafi ƙanƙantar yaro yake zama. Na zauna. Hasken taga ya haske rabin allon, ragowar kuma kan benci ya tare. Ya ce, "Malama Asabe, yaran da ke zama a nan su ne za ki zo ki ce mini ba su da kai."

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu na taƙama a ciki. Alli, wanda idan damina ta kama shi sai ya yi laushi ya ƙi rubutu, sai an shanya shi a rana kamar kuɓewa. Tsumman goge allo. Tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a bishiya, shi ne ƙararrawa. Sai buhuna na marafan kwalba da ƙwallon dabino da guntayen kara, wanda direbobin kwalekwale suke tsokanata a kai wai na koma bola. Littattafanku sun gaya muku tunanin yaro hawa-hawa yake girma, sai ya taɓa abu da hannu kafin ya iya riƙe shi a ka. Wannan gaskiya ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da littafin bai gaya muku ba shi ne, idan ka raba wa 'yan aji ɗaya ƙwallon dabino don ƙirga, ka juya baya, za ka tarar da rabinsu a baki ana tsotsa.

An kuma koya muku cewa basira iri-iri ce, ba ta takarda kaɗai ba. Wannan ma na gan shi da idona. Yaron da zai tsaya a bakin ruwa ya raba kamun kifi tsakanin mai jirgi da mai taru da masu ja, ba wanda zai yi ƙorafi, shi ne za ka rubuta masa rabin takwas a allo ya tsaya yana kallonka kamar ka yi masa Faransanci. Yarinyar da ba ta iya haɗa baƙi biyu ba, ita ce za ta haddace waƙar daka mai tsawon tafiyar Kirikasamma. Da muka fara aiki ana cewa ƙwaƙwalwa gado ce, mai ita mai ita ne, marar ita sai haƙuri, har ana jera yara a aji: masu ƙoƙari gaba, daƙiƙai baya. Daga baya aka tara mu bita aka ce a'a, ƙwaƙwalwa kamar gona take, noma ta ake yi. Muka ce to. Malam Garba ya raɗa mini cewa shi dai bai taɓa ganin yaron da ya fi wayo don an mayar da shi bencin baya ba, amma ya ji daɗi da manya suka gano hakan.

To amma duk wannan ɓangaren yara ne, kuma yara su ne mai sauƙin aikin. Mai wuyar iyaye ne. Su ne masu kayan, mu ajiya aka ba mu. Wani zai kawo ɗansa ya ce, "Malama, a doke shi da kyau, kansa dutse ne," alhali yaron yunwa ce kawai ke damunsa. Idan shinkafa ta fara nuna, jan baki ya sauko wa fadama, aji sai ya koma kamar masallaci bayan an sallame, kowa yana gona da gwangwani yana korar tsuntsu. Akwai wanda ya zo da tara ya ce a ara masa ɗansa yanzun nan zai dawo da shi, sai bayan an gama sussuka na sake ganin yaron, ya yi baƙi ya yi tsawo. Ba ka faɗa da su. Ka yi faɗa da uba ka ci nasara, gobe bencin ɗansa babu kowa.

Labarin da nake so in ba ku na wani ɗan'uwanku ne, Malam Sunusi, wanda aka turo mana gwajin koyarwa a shekarar da ruwa ya ci mu. Lokacin Malam Garba ya riga ya rasu, ni ce mataimakiyar hedimasta, kuma ni ke riƙe da aji shida, sai aka haɗa ni da shi. Yaro ne ɗan garin Malam Madori, siriri, mai tsafta, takalminsa kullum a goge ko da ta cikin taɓo ya biyo. Ya zo da kansa cike da karatu, kuma ba na raina karatun. Ya ce mini bulala tana koya wa yaro tsoro ne ba lissafi ba. Na ce na yarda. Ya ce abin da ke tura yaro ya yi ƙoƙari shi ne a kira sunansa, a yaba masa a gaban 'yan'uwansa, a tafa masa, ya ji shi ma mutum ne. Na ce to, Allah ya taimaka. Cikin 'yan makonni ajina ya koma kamar gidan biki, wanda ya amsa daidai tafi, wanda ya kusa daidai tafi, har wanda ya yi atishawa a kan lokaci ina jin sai da aka tafa masa.

A ajin akwai wata yarinya da kowa ke kira Ajuji. Ku 'yan birni wataƙila ba ku san dalilin irin wannan suna ba. Uwarta Hanne ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wani bai kai suna ba, wani sai ya fara tafiya. Da aka haifi wannan sai tsofaffi suka ɗauke ta suka ajiye a kan juji na ɗan lokaci, wai an yar, ba mai so, sannan aka ɗauko. Daga nan ba a sake nuna an damu da ita ba. Ba a yi mata kitson gayu, ba a saya mata sabon zane a fito da ita da shi, uwar ba ta taɓa faɗin alherinta a gaban mutane. Idan maƙwabciya ta ce yarinyar nan ta girma, sai Hanne ta ce, "Wannan abar? Cin tuwo kawai ta iya." Duk don kada baki ya kama ta. Kuma duk ƙauyen an san babu uwar da ke son 'yarta kamar Hanne.

Sunan Ajuji na yanka Maryam, amma ko ni sai na duba rajista nake tunawa. Ba ta magana a aji. Tana zaune gefen taga, ta yi aikinta ta rufe. Na daɗe da sanin kanta yana ja, abin da nake yi mata kuwa shi ne abin da Malam Garba ya koya mini: yaron da ya iya, ka ba shi wanda ya fi wuya, ka wuce abinka, shi zai gane. Malam Sunusi da ya ji sunan sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Malama, ta yaya za a riƙa kiran yarinya da juji kuma a sa ran ta ɗauki kanta da daraja? Wannan ai kashe mata zuciya ne." Daga ranar ya koma kiran ta Maryam. Kuma in faɗi gaskiya, dabararsa ta yi aiki. Yarinyar da na shekara ina lallaɓawa ba ta ɗaga hannu ba, sai ga ta tana fitowa allo, tana murmushi, har tana gyara wa maza lissafi. Na ji daɗi, na kuma ji ɗan kishi, ba zan ɓoye muku ba.

Wata Litinin da safe a wurin taron asambuli, ina can ofis ina neman alli, sai na ji tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Na fito na tarar ya tsayar da ita a kan benci a gaban makaranta duka, ga mata masu zuwa ɗiban ruwa sun tsaya a bakin hanya suna kallo, yana cewa, "Ku dube ta da kyau! Babu mai kai irin na Maryam a makarantar nan, wannan likita ce in ta girma. A tafa mata!" Na ce a raina, yau kam labari zai riga yarinyar nan isa gida.

Ba a rufa mako biyu ba ruwa ya zo. Ya fasa ta gabas da gari da hantsi, muna cikin aji. Kafin la'asar shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse, gidajen ƙasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, makarantarmu ruwa har taga. Abin da muka iya fitarwa a kwalekwale shi ne allon katako guda, da kwalin alli da na ɗora a ka, da ƙarfen ƙararrawa da wani yaro ya ƙi bari. Gari duka ya koma kan jinga, wato tudun ƙasar da aka tara don tare ruwa, kowa ya kafa bukkar zana da buhu. Sauro kuwa ba a magana. Zazzaɓi ya bi yara, ya kwantar da fiye da rabin ajina. Cikinsu har da Ajuji, kuma nata ya yi tsanani, har ta daina gane mutane, sai da aka kai ta asibiti a nan Haɗejiya.

Allah ya tashi kafaɗunta. Muka buɗe makaranta a ƙarƙashin wata tsamiya a kan jingar, yara suka dawo da ɗaiɗai, amma ban da ita. Shekarar kuwa ita ce ta jarrabawar shiga sakandare. Idan ta zauna a gida zangon nan, shi ke nan, ba za ta sake komawa ba, na ga irinsa ba sau ɗaya ba.

Na je bukkarsu da rana, na tarar da Hanne tana gyaran ƙananan kifi, yarinyar tana kwance a tabarma ta rame sai idanu. Muka gaisa, na yi mata jaje da barka. Da na kawo maganar makaranta sai ta ajiye wuƙar.

"Malama, ke kin san ni, kin san abin da na binne. Shekara nawa ina ɓoye yarinyar nan a tsakiyar mutane? Rana ɗaya baƙonku ya ɗora mini ita a kan benci ya ce gari ya kalla. Ko tubarkalla bai ce ba."

Na ce, "Hanne, kuskure ne na ƙuruciya, ba da mugun nufi ya yi ba. Kuma zazzaɓin nan kin ga bai bar gidan kowa ba, har 'ya'yan da ba a taɓa tafa musu ba."

Ta ce, "Na gani. Nasu ya kai su asibiti?"

Na ce to zan sa ya riƙa cewa tubarkalla. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta ce, "Shi ya ce. Bakin nan ɗari da suka tafa fa, su ma za ki bi su ɗaya-ɗaya? Malama, ku riƙe bokonku. Gara ta zauna a gabana ba ta san komai ba."

Kada ku yi saurin cewa jahilci, domin na ga bakin wannan ta gefen yana motsi. Malam Sunusi ma abin da ya ce ke nan da na koma: camfi ne, sauro ne, a kira ta a wayar mata da kai. Na ce masa, "Ɗana, ni ma na san sauro ne. Amma matar da ta binne 'ya'ya ba a zuwa mata da darasin kiwon lafiya a kan abin da ya rage mata. Kai jarrabawa kake so yarinyar ta zauna, ko gardama kake so ka ci?" Yaron kirki ne, har abinci ya daina ci sosai saboda abin.

Na yi ta sintiri bukkar nan har Hanne ta gaji da ganina. Abin da ya taimake ni, ita yarinyar ce da kanta. Da ta sami ƙarfi sai ta riƙa zama a bakin bukka tana hango allonmu, tana yin lissafin a ƙasa da tsinke. Uwar tana gani. Wata rana ta ce mini, "Ki tafi da ita. Amma da sharaɗi. Ba Maryam, ba tafi, ba ɗagawa. Ranar da na ji an yabe ta a gaban mutane, ranar ta gama. Kuma yanzu ba bango tsakaninmu, ina jin komai." Gaskiyarta, daga bakin bukkarta zuwa tsamiyarmu ko jifa ba a yi.

Na kai wa Malam Sunusi sharaɗin, ya riƙe kai. Ya ce, "Malama, to da me zan ƙarfafa mata gwiwa? Duk abin da aka koya mini an hana ni." Na ce ya je ya sake buɗe littafin nasa, na tabbata akwai wani babi bayan na tafi. Washegari ya dawo da fara'a, ya ce akwai, wai an ce kwaɗayin da ke fitowa daga cikin yaro, na son ya iya abu don kansa, ya fi wanda ake saya da yabo daɗewa. Na ce madalla da marubucin, ya kyauta. Sai ya fara yi mata irin tawa, ta gama wannan ya ba ta wanda ya fi shi. Amma bakinsa ya saba, ka ga ta gama lissafi ya buɗe baki zai ce wani abu, ya tuna, ya haɗiye, har maƙogwaronsa na motsi. Na tausaya masa na ce, "Idan abin ya cika maka baki, yi mata irin ta uwarta. Ka ce ta ƙarar mana da alli." Ya ce shi ba zai iya kushe ɗaliba ba, an hana su. Na ce to ci gaba da haɗiya.

Ana haka malaminsu na kwaleji ya zo duba shi. Kun san ranar, ita ce kuke tsoro yanzu. Mutum ne kamili, ya sha wahalar hanya, wandonsa a naɗe har gwiwa. Aka ba shi turmi ya kifa ya zauna a bayan yara. Tun kafin a fara ya gaya wa Malam Sunusi abubuwan da zai duba, kuma babba a cikinsu shi ne yadda malami ke yaba wa ɗalibi idan ya yi daidai. Sunusi ya dube ni, na dubi tsamiya.

Darasin rabo ne, kuma ya shirya shi da kyau, da misalin kamun kifi: kason mai jirgi, kason mai taru, abin da ya rage a raba wa masu ja. Yara suna ta amsawa, ana ta tafi, baƙo yana gyaɗa kai. Sai baƙon ya ji daɗi ya ce bari shi ma ya ba da ɗaya. Ya tashi ya rubuta wani mai wuyar gaske, irin wanda sai an raba kason an sake rabawa. Manyan mazan da ke gaba kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Can gefe sai hannu ya ɗago a hankali, siriri kamar kara.

Ban san lokacin da na waiwaya ba. Hanne tana tsaye a bakin bukkarta da taɓarya a hannu, ta daina daka.

Yarinyar ta fito ta karɓi alli. Ta yi layi na farko, ta goge da gefen hannu, ta sake. Ta cika allon har ƙasa, sai da ta durƙusa ta rubuta amsar. Daidai. Baƙon ya washe baki, ya gyara zama, ya ɗaga alƙalami yana kallon Malam Sunusi, yana jira. Yara sun riga sun buɗe tafukan hannu, umarni kawai suke jira. Ni kuwa na san Malam Sunusi shekarunsa na kwaleji ne a kan alƙalamin can, kuma na san kalma ɗaya za ta mayar da yarinyar bukka har abada.

Malam Sunusi ya dubi allon, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi guntun allin da ya rage, ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya ɗaure fuska ya ce da ƙarfi yadda za a ji har bukkoki:

"Ajuji, dubi abin da kika bar mana. Kin ƙarar mana da alli. Koma ki zauna."

Yara suka sauke hannu. Baƙon ya saki baki, ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo. Ita kuwa ta juya za ta koma wurinta, ta cusa bakin hijabi a baki don kada a ga dariyarta, amma idanunta sun tona ta. Daga can bakin bukka sai na ji taɓarya ta ci gaba da sauka a turmi.

Da aka tashi na raka baƙon bakin ruwa na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ya fahimta, amma shi abin da ya gani zai rubuta, ba zai ba da makin yabon da ba a yi ba. Ban ga laifinsa ba. Malam Sunusi ya haye da ƙyar, shi da ake sa ran zai fi kowa a ajinsu. Ajuji ta zauna jarrabawa ta ci, ta tafi sakandare. Ranar da sakamako ya fito na je na gaya wa Hanne a cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "To, su dai suka sani, ko me suka gani a jikin wannan abar." Sannan ta juya mini baya tana ta gyara tulun da ba abin da ya same shi.

Saboda haka idan kun shiga aji jibi, ku tafi da karatunku duka, kada ku bar ko shafi ɗaya, zai yi muku amfani. Ku yaba wa yara, yawancinsu suna so, iyayensu ma suna so. Amma kafin ka ɗora ɗan wani a kan benci, ka san ko ɗan wane ne, ka san abin da uwarsa take tsoro. Wannan ba a kwaleji ake samun sa ba, sai ka cire takalmi ka shiga gida ka zauna a tabarma.

Kai mai gilashi na ga ka ajiye wayarka, to bari in ƙarasa maka. Da lokacin ritayata ya yi, aka shirya mini 'yar walima a sabuwar makarantar da aka gina a kan tudu. Hedimastan da ya shirya ta kuwa Malam Sunusi ne, ya yi tumbi, takalmin dai har yanzu a goge. Aka yi ta jawabai, wannan ya ce ni uwa ce, wancan ya ce ni fitila ce, har na fara jin kunya ina neman inda zan sa kaina. Sai aka ce tsofaffin ɗalibai su fitar da mutum ɗaya. Wata doguwar mata ta taso da goyo a bayanta, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da aka taɓa kwantar da ita. Ta karɓi lasifika, ta dube ni, ta dubi taron nan, manyan baƙi daga ƙaramar hukuma duk suna zaune. Ta ɗaure fuska ta ce:

"Ni ban san abin da ake ta faɗa ba. Malama Asabe dai shekara da shekaru tana nan, ba abin da ta yi sai ƙarar wa gwamnati da alli. Ta koma gida ta zauna."

Ta ajiye lasifikar. Baƙi suka riƙa kallon juna, wani har ya ce subhanallahi. Malam Sunusi ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Can cikin mata wata tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ne, cin tuwo kawai ta iya." Ni kuwa da na sha yabo tun safe ido a bushe, a nan ne na yi kuka, kuma duk tsawon aikina ba a taɓa gaya mini maganar da ta kai wannan daɗi ba.

Ku sha furarku kafin ta tsinke. Kuma wanda ya gama ya ɗauraye mini kofin, kun ƙarar mini da nono.